Kafin a ɗinke ciki: Yadda ake tare kuskuren tiyata a Maiduguri, da abin da doka ta tanadar wa likita

A duk ɗakin tiyatar da ake bin ƙa'ida, akwai wani ɗan lokaci da babban likita ba shi da ta cewa. Ya gama aikin da ya shigo yi, ya tsayar da jini, saura ya rufe ciki ya ɗinke. A nan ne nas ɗin da ke miƙa masa kayan aiki za ta ɗaga murya ta fara ƙidaya, abokiyar aikinta na tsaye a gefe da takarda tana amsawa: almakashi nawa aka buɗe, nawa ke kan tire, ƙyallen tsane jini nawa aka shigar, nawa suka fito, allurar ɗinki nawa. Idan lissafi ya cika, sai a ɗinke. Idan ɗaya ya yi ɓatan dabo, ko farfesa ne ke riƙe da wuƙa dole ya dakata a nemo shi, ko a bokitin shara yake, ko a ƙarƙashin zanen gado, ko a bayan hanjin mara lafiya.

Ƙidayar ba ta cin minti biyar, ba ta kuma buƙatar wutar lantarki ko na'urar da za a yi oda daga Jamus. Amma a watan Janairun 2026 Arewa ta ga abin da ke biyo baya idan ta kuɓuce. Wata matar aure a Kano, wadda aka yi wa aiki a Cibiyar Abubakar Imam ta masu ciwon mafitsara a watan Satumban 2025, ta shafe watanni tana komawa asibiti da ciwon ciki kafin hoto ya nuna almakashi kwance a cikinta. Ba ta rayu ba. Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano ta amsa cewa an yi sakaci, ta dakatar da ma'aikata uku. Duk wanda ke da ɗan'uwa kwance yana jiran tiyata a Maiduguri, ya kuma karanta wannan labari a wayarsa, tambaya biyu za su zo masa: me zai hana irin haka faruwa a nan, kuma idan ta faru, wa zai amsa?

Birnin da tiyata ta yi wa yawa

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983, shi ne madogarar ƙarshe ga mutanen Borno da maƙwabtanta, har da masu tsallako iyaka daga Chadi da Kamaru da yankin Diffa na Nijar. Bayansa akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Umaru Shehu da ke Bulumkutu, sai asibitocin kuɗi manya da ƙanana. Nauyin da suke ɗauka ya wuce na birnin kansa. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin cibiyoyin lafiya 743 da ke Borno, rikicin Boko Haram ya rusa kashi 35 cikin ɗari gaba ɗaya, ya kuma lalata wani ɓangare na kashi 29. An sake gina da yawa tun daga lokacin, sai dai gini ya fi likita saurin dawowa. Mai naƙudar da ta gagara, da yaron da taifot ya huda wa hanji, har yau da yawansu Maiduguri ake nufowa da su, kuma suna isowa ne bayan ciwon ya ci ƙarfinsu.

Ga kuma raunukan yaƙi. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta shafe shekaru tana da tawagar likitocin tiyata a Asibitin Ƙwararru saboda waɗanda harsashi da bam suka raunata. Da 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari Gwoza ranar 29 ga Yunin 2024, can aka kwaso masu munanan raunuka. A watan Janairun 2021 mahara suka tarwatsa turakun wutar da ke tahowa daga Damaturu, birnin ya yi kusan shekara guda a duhu, ɗakunan tiyata suka koma kan janareta da dizal. Ranar 10 ga Satumban 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga asibitin koyarwa da na ƙwararru, ya lalata na'urori masu tsada, ya tsayar da ayyuka da dama.

Ba a kawo wannan don nema wa kowa uzuri ba. An kawo shi ne domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma masana sun daɗe da sanin inda bangon tiyata ke tsagewa. Wani bincike da Dakta Atul Gawande da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna cewa an fi mance kaya a cikin mara lafiya idan aikin na gaggawa ne, ko an sauya shiri ana tsakiyar aiki, ko mara lafiyar mai jiki ne sosai. Biyun farko kuwa su ne abincin yau da kullum na likitan tiyata a Maiduguri. A haɗa da ƙarancin hannu. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun nan, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja. Likitan da ya kwana a tsaye ya wayi gari da jerin mutum shida na jiransa, hannunsa na iya zama daidai, amma tunaninsa ya gaji.

Takarda mai tambaya 19

Maganin da duniya ta fi amincewa da shi takarda ce shafi ɗaya. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar da baki, kowa na ji, a gaɓa uku: kafin a sa mara lafiya barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kafin a fitar da shi daga ɗaki. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi masa, a wane gefe? An sa alama a wurin? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? An tanadi jini idan ya zuba da yawa? An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin minti 60 da suka wuce? Na'urar auna iskar oksijin a jini tana maƙale a yatsansa, tana kuma aiki? A ƙarshe sai ƙidaya, da rubuta sunan mara lafiya a jikin kwalbar duk abin da aka yanko za a kai ɗakin gwaji.

An gwada takardar a asibitoci takwas, daga Landan da Toronto zuwa Amman da Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, a kan mutum fiye da 7,600. Sakamakon da aka wallafa a Janairun 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7. Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A lardin Ontario na Kanada, inda hukuma ta wajabta takardar, binciken da aka yi a asibitoci 101 aka wallafa a 2014 bai ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba. Duk wanda ya taɓa cike fom ɗin tantance ma'aikata na ƙarshen shekara a ma'aikatar gwamnati ya san yadda takarda ke mutuwa a hannun mutane: a bi akwatuna da biro bayan an gama komai, a sa hannu, a jefa a fayil. Takardar tiyata ba ta ceton rai sai an tsaya cak, an karanta ta da murya, an saurari amsa.

A Maiduguri tambayar farko ma, wato «wane ne wannan?», ba ƙaramar tambaya ba ce. A gari mai yawan Modu da Bukar da Falmata, ba abin mamaki ba ne a sami mata biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a ɗaki ɗaya, kuma dattawa da yawa ba su riƙe ranar haihuwa ba. Lambar kati ce kaɗai ke raba su, ita ya kamata a ɗaura a hannu a kuma karanta. Haka batun gefe. Yankin Borno da Yobe ya yi suna da ciwon ƙoda, asibitin koyarwa ya yi dashen ƙoda na farko tun 2010, ƙoda kuwa biyu ce, kamar ido da nono da ƙafa. Hoton da aka rataya a juye na iya mayar da hagu dama. Shi ya sa ƙa'ida ta ce likitan da zai yi aikin da kansa zai zana alama a jikin mara lafiya tun yana farke, ya kuma sa shi ya nuna wurin da hannunsa.

Sai harshe. Takardar amincewa da tiyata yawanci da Turanci ake buga ta, mai dangwala yatsa a kanta kuwa wataƙila Kanuri kaɗai take ji, ko Larabcin Shuwa, ko Babur, ko Margi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 23, ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarin kowace hanya, da 'yancinsa na ƙi, kuma gwargwadon iko da harshen da yake fahimta, daidai da matakin karatunsa. Dangwalen da aka karɓa a baranda ba tare da tafinta ba, sunansa amincewa a takarda kawai. Kuma duk da cewa al'ada ta saba a jira miji ko wa kafin a shiga da mace, a idon doka izinin baligi mai hankali nasa ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Okonkwo ta 2001, inda ta wanke likitan da ya mutunta ƙin ƙarin jini da wata mara lafiya ta yi bisa aƙidarta.

Abin da ya fi duka wuya ba a rubuta shi a takardar ba. A al'adar da ƙarami ba ya ɗaga ido ya kalli babba, ba wasa ba ne nas 'yar shekara 25 ta ce wa farfesan da ya koyar da malamanta, «Ranka ya daɗe, ƙyalle ɗaya bai fito ba.» Dalilin da ya sa takardar ta buƙaci kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a fara ke nan: bakin da ya riga ya buɗu sau ɗaya ya fi saurin buɗuwa a karo na biyu. Babban likitan da ya taɓa daka wa nas tsawa don ta tsayar da shi, ya kashe ƙidaya a ɗakinsa na shekaru, ko da ana ci gaba da cike takarda.

Bayan an fito da gado

Mafi yawan mutane suna ɗauka haɗari na cikin ɗakin tiyata ne, da an turo gado waje sai a yi hamdala a fara kiran 'yan'uwa. Alƙaluma sun nuna akasin haka. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a 2018, wanda ya bi mutum 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, ya gano cewa ɗaya cikin biyar ya sami matsala bayan aiki, kashi 2.1 cikin ɗari kuma sun rasu. A tiyatar da aka tsara tun da wuri, yiwuwar mutuwar ɗan Afirka ta ninka matsakaicin ta duniya sau biyu, alhali ya fi ƙuruciya da ƙarancin cututtuka. Kashi 94 cikin ɗari na mace-macen kuwa ba ranar aikin suka faru ba, sai a kwanakin da suka biyo baya.

Wato a ɗakin kwanciya ake rasa mutane: jini na zuba a ciki, bugun zuciya na hawa, fitsari ya ɗauke, nas ɗaya na zagaya gadaje da yawa cikin dare, babu wanda ya lura sai da asuba. Ƙa'idojin aikin likita na Najeriya sun lissafa rashin duba mara lafiya gwargwadon yadda halinsa ke buƙata a cikin nau'o'in sakaci, daidai da yanke gaɓar da ba ita ba, da ƙin tura mara lafiya gaba idan aikin ya fi ƙarfin likita. Mara lafiyar da ya dawo sau uku da ciwo a wurin da aka yanka, hoto yake buƙata, ba a ƙara masa maganin kashe zafi a sallame shi ba.

Inda doka ke shigowa

Ba kowace mutuwa a kan gadon tiyata ce sakaci ba, kuma doka ta san haka. Ma'aunin da kotunan Najeriya ke bi, wanda suka gada daga shari'ar Bolam ta 1957 a Ingila, shi ne ko likitan ya yi abin da takwaransa mai matsakaicin ƙwarewa zai yi a irin wannan hali. Hanji na iya ɓallewa bayan ɗinki mai kyau. Abin da ba ya karɓar uzuri shi ne wanda ƙidaya ko alama ko tambaya ɗaya za ta hana.

Ƙofar farko ita ce Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, mai hedikwata a Abuja. Mai ƙorafi zai rubuta kokensa a takardar rantsuwa, kwamitin bincike ya nemi likitan ya kare kansa, idan aka ga akwai abin tuhuma a miƙa shi ga kotun ladabtarwa ta hukumar. Hukuncinta uku ne: gargaɗi, ko dakatarwa da ba ta wuce wata shida ba, ko soke suna daga rajista. Wanda bai gamsu ba sai Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba ta ɗaure kowa, ba ta kuma ba da diyya ko ta sisin kwabo, abin da iyalai da yawa ba sa sani sai sun yi nisa. Tsakanin wata shida da kora ta har abada babu wani mataki, giɓin da ya kamata masu gyaran doka a Majalisar Tarayya su duba.

Shari'ar da ta fi girgiza Arewa maso Gabas ta wannan ƙofa ta bi. A 2016 wani likita mai asibitin kuɗi a Jimeta ta Jihar Adamawa ya yi wa wani matashi tiyatar ciki, daga baya aka gano babu ƙoda ko ɗaya da ta rage a jikinsa. Matashin ya rayu a kan wankin ƙoda na ɗan lokaci, sannan ya rasu. A 2019 kotun ladabtarwa ta soke sunan likitan, a ƙarƙashin shugabancin Farfesa Abba Waziri Hassan, wanda shi kansa malamin tiyata ne daga Jami'ar Maiduguri. Tazarar da ke tsakanin 2016 da 2019 tana da dalilin da ya shafi masu karanta wannan shafi kai-tsaye. A 2015 gwamnatin tarayya ta rushe majalisun gudanarwar hukumominta, har da ta MDCN, ba a kuma sake kafa ta ba sai ƙarshen 2018. Shugaban majalisar shi ne shugaban kotun, don haka fiye da shekara uku babu kotun da za ta zauna a kan kowane likita a faɗin ƙasar. Fayil ɗin naɗi da ya kwanta a kan wani tebur a Abuja ya bar likitocin da ake tuhuma cikin rashin tabbas, ya kuma bar iyalan mamata suna jira.

Mai neman diyya sai ya tafi Babbar Kotu, inda zai iya haɗa likita da asibitin da ya ɗauke shi aiki, domin asibiti na ɗaukar alhakin sakacin ma'aikatansa. A nan ma hanyar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. A shari'ar Ojo da Gharoro, wata mata da aka yi wa tiyata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 1993 ta kai ƙara saboda guntun allurar ɗinki da ya karye ya zauna a cikinta. Ta faɗi a kotun farko, ta faɗi a ta biyu, a 2006 Kotun Ƙoli ma ta kori ƙarar. Likitocin sun yi bayanin yadda allura ke karyewa ba da sakaci ba, ita kuwa ba ta kawo ƙwararren likitan da zai rushe bayaninsu ba. Shekara goma sha uku ke nan. Darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne cewa ganin abu a cikin ciki kaɗai ba lalle ya ci shari'a ba, sai an sami likitan da zai tsaya ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita. A gari kamar Maiduguri, inda likitocin tiyata suka san juna, da yawa ma wani ne ya koyar da wani, samun wannan shaida ba abu ne mai sauƙi ba.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama mutane. Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda aka gada tun zamanin Turawa, ta ce ƙarar da za a shigar kan abin da jami'i ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa dole ta shiga cikin wata uku. Kotun Ƙoli ta fassara cewa kariyar ta haɗa da hukumomin gwamnati, ba mutane kaɗai ba, kuma asibitocin gwamnati na fakewa da ita. Akwai togaciya da lauyoyi ke jayayya a kai, amma wanda ya jinkirta ya ba abokin shari'arsa makami. A lissafa: kwana uku, kwana bakwai, sadakar arba'in, matar mamaci kuma na cikin takaba ta wata huɗu da kwana goma. Kafin iyali su natsu su ce a nemi lauya, wa'adin ya shuɗe. Ko an ci shari'ar ma, karɓar kuɗi daga asusun gwamnati wani dogon zance ne, tunda doka ta tanadi neman amincewar Antoni-Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati.

Ɗauri kuwa sai sakaci ya kai ganganci. Dokar Final Kod da Arewa ke bi ta sanya kisa ta hanyar gaggawa ko sakaci cikin kisan da ba a yanke wa hukuncin kisa, amma tun shari'ar Akerele ta farkon shekarun 1940, inda kotun ƙarshe ta Landan ta soke hukuncin da aka yi wa wani likitan Najeriya bayan mutuwar yaran da ya yi wa allura, aka kafa cewa kuskure zalla bai isa a ɗaure likita ba. Hakan ba ya nufin ƙofar a rufe take. A Janairun 2023 Babbar Kotun Legas ta yanke wa wani likita mai asibitin kuɗi ɗaurin shekara ɗaya saboda yadda ya ɗaure ƙafar wani yaro ɗan shekara 16 har ta sami mummunan lahani.

Mutane da yawa a Borno ba sa bin ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi. Sukan ce kwana ne ya ƙare, su yafe, kuma yafiya haƙƙinsu ce. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa addini ya hana tambaya. Malaman fiƙihu sun tattauna lamunin likita tun ƙarnoni da suka wuce. Hadisin da Abu Dawuda da wasu suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba. Ibn Rushd, malamin Malikiyya na Andalus, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa ƙwararren likita ma idan hannunsa ya kuskure akwai diyya, kamar sauran kisan kuskure. Imani da ƙaddara da biyan diyya a littafi ɗaya suke zaune. Kuma iyalin da suka yafe ba tare da an rubuta abin da ya faru ba, sun yafe nasu ne, ba su kare wanda zai hau gadon gobe ba.

Abin da alƙali ke iya gani

Alƙali bai shiga ɗakin tiyata ba, kwamitin bincike ma haka. Abin da ke gabansu fayil ne: bayanin aikin da likita ya rubuta, takardar mai sa barci, jadawalin bugun zuciya da hawan jini, takardar ƙidaya da sa hannun mutum biyu. Saboda haka takardar da ke kare mara lafiya ita ce dai ke kare likita. Wanda ya rubuta cewa wuta ta ɗauke ƙarfe kaza, babu jini a ma'ajiya, ya nemi babbansa a waya a lokaci kaza, ya bar wa kansa shaida, ya kuma mayar da tambayar inda ta dace, wato kan masu kasafin kuɗi da masu ɗaukar ma'aikata. Wanda bai rubuta ba, shi kaɗai zai tsaya. Wanda kuma ya koma ya gyara fayil bayan abu ya ɓaci ya buɗe wa kansa sabon laifi, domin sashe na 29 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tarar naira 250,000, ko duka biyun, ga mai sauya bayanan mara lafiya da ƙarya.

A nan ne ya kamata a yi hattara da kiran «a ɗaure su» da ke tashi duk lokacin da labari ya fashe. Inda hukunci ke sauka a kan ƙaramin likita da nas kaɗai, abin da ma'aikata ke koya shi ne ɓoyewa. Ƙyallen da aka gano a minti na ƙarshe kafin ɗinki, wanda ya kamata a tattauna a taron sashe don a gane inda aka yi sako-sako, sai a binne maganarsa. Asibitin da bai taɓa ba da rahoton kuskure ba, ba lalle ne ya fi kowa tsabta ba.

Ma'aikacin tarayya a Abuja yakan shiga wannan lamari ta waya. Ƙaninsa zai kira daga Maiduguri ya ce, «Yaya, an yi wa Inna aikin, amma mako uku ke nan cikin bai daina ciwo ba.» Kafin a kai ga lauya akwai matakai masu araha. A koma wurin likitan da ya yi aikin a nemi hoto, idan bai gamsar ba a nemi ganin wani. A nemi rahoton tiyatar a rubuce. Kundin haƙƙoƙin marasa lafiya guda 12 da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar a Yulin 2018 ya ba mara lafiya damar samun bayanansa. Idan akwai koke, a rubuta shi zuwa ga shugabancin asibiti ko teburin SERVICOM, a karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata, a ajiye rasit da katin asibiti da kowane hoto. A kuma rubuta ranar da aka yi aikin a inda ba za a manta ba, domin idan asibitin na gwamnati ne, lauyansa daga wannan rana zai fara ƙirga wata ukun.